Gaisuwar da Ta Zaɓa Mini Babur

Saura kaɗan in bar wannan labari ya mutu a cikina, don taubashina ya riga ya ba da shi a kowace rumfar shayi daga Hasahisa har Dinder, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. A bakinsa yanzu babur ɗin ya kusa kai girman lori. Ran nan a tashar Madani wani baƙo ya zaunar da ni yana ba ni labarin kaina, bai san ni ne ba, har da kada a cikin ruwan. Sai na ce to, gara mai abu ya faɗi abinsa.

Lokacin da aka buɗe masaƙa a Hasahisa ne, na samu aiki a ɗakin zare. Ina sabon ango, lallen hannuna ma bai gama fita ba. Ƙauyenmu na tsakiyar gonakin auduga, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ake ban ruwa da ita. Daga nan zuwa Hasahisa, in a jaki ne, ko da asuba ka tashi za ka tarar an rufe ƙofar masaƙa. Lori kuwa ranar da ya ga dama yake biyowa. Abu biyu ne a gabana: ko in kama ɗaki a gari in riƙa zuwa gida daren Juma'a kamar baƙo, ko in samu abin hawan da zai kai ni ya dawo da ni kullum. Amaryata ba ta ce komai ba. Amma daga ranar da aka fara maganar ɗaki, shayin safe ya riƙa zuwa mini da ƙarancin sukari, na gane an yi magana.

Matsalar mahaifina ce. Kakanninmu sun baro Sakkwato da niyyar Makka, Jazira ta ƙasar Sudan ta riƙe su. Sun yar da abubuwa da yawa a hanya, mun koyi cin kisra, wato siririyar wainar dawarsu, mun sa jallabiya, rabin maganarmu Larabci, amma gaisuwa ba a yar da ita ba. In ka haɗu da babba, ka sauka daga jakinka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ba ka tashi sai ya sallame ka. Maƙwabtanmu Larabawa dafa kafaɗa suke yi su rungumi juna, su kan tsaya suna kallonmu suna cewa me muka yar a ƙasa da kullum muke nema. Na yi yawo daga baya, Bur Sudan, Jidda, Nyala, har Kano na je, ban ga inda ake tsugunno irin na ƙauyenmu ba.

Da na kawo wa Baba maganar babur, sai ya ajiye finjalin gahawarsa.

"Wanga abu da ka gudu kamar an koro shi? Na ga mai allura bisa nashi. Ya wuce liman, sai hannu yaɗ ɗaga mai. Hannu! Kamar mai korar ƙuda."

"Ni ba zan yi haka ba, Baba."

"Kowa hakanan shika cewa. Taho da shi in gani. Amma rad da kaw wuce babba ba ka sabka ba, ko shi ya bar gidan ga, ko ku bar shi tare."

Taubashina, ɗan goggona, shi ne ya zama malamina, don yana bin lori kuma ya taɓa hawan babur. Mun tashi tare, bai taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce shi ba, al'ada kuma ta ɗaure masa gindi. Shi ya kai ni wurin wani makaniki a bayan kasuwar Hasahisa mai babura biyu na sayarwa, duka an hau. Ɗaya baƙi ne ƙato, bututun hayaƙi biyu, wani jami'in gona ne ya bar shi. In aka tayar da shi har cikin haƙarƙarinka kake ji. Ɗayan ja ne, siriri, kamar keken da ya samu kiwo mai kyau. Ƙararsa kuwa, sai ka waiwaya ka nemi tela.

A fili bayan gidan gurzar auduga na koya, a kan duka biyun. Tafiya ba wuya. Tsayawa da tashi su ne aiki: in saki kuloci da sauri ya mutu, in taka birki in manta ƙafa. Ƙaramin yana yafe mini, in na karkata in sa ƙafa ɗaya in tare shi. Babban ba ya yafiya. Cikina ya san wanda ya kamata in ɗauka. Amma akwai ido, akwai kuma taubashi.

"Ango guda a kan wannan?" in ji shi, yana shafa ƙaramin kamar ɗan akuya. "Kana shiga gida amarya za ta fito da yadi, ta ce ango ya kawo keken ɗinki. Kai dai ɗauki na maza."

Makanikin ya san mahaifina. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ɗauki wanda ranka ke so ka kai gida ka gwada, ka dawo mini da magana."

Na ɗauki baƙin.

Da la'asar sakaliya muka kama hanyar bakin tur'a, ni a gaba, taubashi a baya yana waƙar direbobi. Iska na kaɗa jallabiyata, ruwa na sheƙi a dama, auduga a hagu, yara masu wanka suna ihu. Wallahi a wannan ɗan lokacin ko hakimi bai fi ni ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, la'asar ce lokacin da duk wani tsoho na ƙauyenmu ke kan hanya.

Ladan muka fara haɗuwa da shi, a kan jakinsa. Na tsaya, babur ya mutu, na sauka, na kafa shi a kan ƙafarsa ta ƙarfe, na tuɓe takalmi, muka durƙusa. Ya sa mana albarka ya wuce. Na zo tayarwa, na buga kik, kik ya dawo ya same ni a ƙwauri, sai da na ga taurari da rana. Kafin babur ya tashi, jakin ladan ya yi nisa. Ba mu yi wata tafiya ba sai ga yayar innata da damin ciyawa. Muka sake. Bayanta mijin goggo. Bayansa tsohon nan mai tsaron ruwa, wanda ba ya ji sosai, sai an yi masa gaisuwa sau biyu. Kowace tsayawa sai na yi kokawa da baƙin nan kamar mai kayar da bijimi. Gumi ya jiƙa ni har wuyan riga.

"Yi haƙuri," in ji taubashi daga baya, "da jaki muka taho da yanzu mun yi sallah a gida."

Sai muka zo daidai hawashar surukina, gonarsa ta auduga. Yana tsaye a bakin ƙaramin magudanin da ke ɗebo ruwa daga tur'a, da fartanya a hannu, ya buɗe wa gonar ruwa. Jakinsa na gefe yana kiwo.

Surukina mutum ne mai kunya da ƙarancin magana. Tun da na auri ɗiyarsa, gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya, lafiya, Allah shi yi albarka", yana kallon gabas ina kallon ƙasa. Na ce a raina wannan mai sauƙi ce. Na tsaya, na kafa babur a gefen magudanin, ban kula ƙasar wurin ta sha ruwa ba. Wanda ya san baƙar ƙasar Jazira ya sani: in ta bushe dutse ce, in ta jiƙe man shanu ce. Muka tuɓe takalma, muka matsa gabansa muka durƙusa, babur na bayana, tsohon na fuskantarmu.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Madalla. Ina aikin masaƙa?"

"Da godiya."

Ina jira in ji albarka, sai na ji ya ce, "Ina mahaifinka? Ƙafar nan tashi ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba."

A nan taubashi, wanda ya tsuguna a ɗan karkace, ya yi magana ta gefen baki: "Abokinka ya fara ruku'u."

Na ji. Har ƙarar laka na ji a bayana, wannan 'yar tsotsa da take yi in tana haɗiye abu. Amma wa zai juya wa surukinsa ƙeya ana tsakiyar gaisuwa? Kuma maganar mahaifina na kunnena. Na ƙara sunkuyar da kai.

"Ina innarka? Ina ƙannenka? Wanda yat tafi Dinder girbin dawa, an ji labarinai?"

"Lafiya lau yake, Baba."

"Madalla. Jakinku mai ciwon bayan nan fa?"

Jakinmu! Mutumin da bai taɓa tambayata ko ruwa na sha ba. Na ce jaki ya warke. Ya ce alhamdu lillahi, ai jaki dabba ce mai haƙuri, ya tuna wani da ya saya a kasuwar Hajj Abdalla shekarar da fara ta zo, fari tas, mai tafiya kamar ruwa. Ya ba mu labarin jakin nan tun daga ciniki har tsufansa.

"Ya kusa sujada," in ji taubashi, yana danne dariya. Shi ma ba dama ya tashi, kuma ko da dama, na san shi, ba zai tashi ba.

Sai tsohon ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya roƙa mana zaman lafiya, ya roƙa wa auduga, ya roƙa wa matafiya na tudu da na ruwa, ya koma kan kakanni da suka rasu a hanyar gabas. Muna "amin, amin". A tsakiyar wata amin ɗin na ji tinjim! Ruwa ya fantsamo mini a baya har ƙeya. Ban motsa ba. Tsohon bai katse ba, sai da ya kai Fatiha muka shafa.

Sannan ya leƙa ta saman kaina, ya ce, "Af. Abin hawan naka ya shiga ruwa."

Mu biyu muka kasa ɗaga shi. Laka ta riƙe shi, mu ma ta riƙe mu har gwiwa. Sai da aka ɗaura igiya, jakin surukina ya ja, mu muna turawa, taubashi na dariya har yana zama cikin ruwa. Haka muka shiga gari ana kiran magariba: jaki a gaba, babur a tsakiya yana ɗigar laka, ango a baya da takalmi a hannu.

Na tabbata magana ta ƙare, sai neman ɗaki a Hasahisa. Labari ya riga ni isa gida. Bayan sallah mahaifina ya kira ni, na durƙusa, jallabiyar ma ban samu canzawa ba.

"An ce ya faɗa ruwa."

"Ya faɗa, Baba."

"An ce kana jin shi yana tafiya."

"Ina ji."

"Ba ka waiwaya ba?"

"Ban waiwaya ba."

Ya ci gaba da jan carbi. Na ga gefen gemunsa na motsi, ban sani ba ko zikiri ne ko dariya.

"To. Mai da musu wanga bijimi. In akwai wanda kaka iya tayarwa kai ɗai in ya faɗi, sawo shi."

Abin da ya gudana tsakanina da makaniki da ya ga baƙinsa, wannan tsakaninmu ne. Kwana muka yi muna wanke laka daga wuraren da ban san babur na da su ba. Na dawo gida a kan jan. Taubashi ya tsaya a bakin gari yana shela wai masu ɗinki su fito, tela ya iso. Amarya kuwa ta leƙo ta kan danga ta koma, washegari shayi ya zo da sukari har cokali na tsayawa.

Ɗan jan nan ya yi mini shekaru. Bugu ɗaya yake tashi, in na ga babba in tsaya, in sauka, in gaida shi, in wuce, ko gumi babu. In damina ta ɓata hanya, in ɗaga gabansa in ɗaga bayansa mu tsallake. Ban kwana a Hasahisa ba sai in aikin dare ya kama. Kuma cikin makon farko matata ta dawo daga gidansu da wani guntun katako mai faɗi, an feƙe shi an huda an sa igiya. Ta ce babanta ya ce a ba ni, bai ce na mene ne ba. Na rataye shi a wuyan babur, duk inda zan durƙusa sai in sa shi ƙarƙashin ƙafar ƙarfen. Gaisuwarmu da shi kuwa ta koma yadda take, "lafiya, lafiya, Allah shi yi albarka", har ya bar duniya.

Bayan rasuwarsa ne, wata rana muna shan gahawa a tsakar gida, nake ba yara labarin. Na ce ikon Allah, mutumin da ba ya magana, ranar nan kaɗai bakinsa ya buɗe, kuma bai lura da komai ba sai da babur ya faɗa. Matata na tuƙa kullun kisra. Ta tsaya, ta dube ni irin duban da ake yi wa yaro ya sa riga a bai-bai.

"Malam," ta ce, "mutumin da ya aurar maka da ɗiyarsa, ya hango ka tun daga nesa kana tangaɗi a kan wannan dodon, kuma shi ke fuskantar babur ɗin, wai kai duk shekarun nan kana zaton bai ga yana kwanciya ba?"