Yadda Tafasa Ta Sami Sunanta

Shekarar da fari ya ƙone geronmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Kwaya, ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko. Rumbu ya ƙare, mahaifinmu ya tafi Kano ci-rani, muka koma cin ganye. Bayan isha'i kakarmu Iya Dije takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ƙwaryar kwaɗon tafasa a tsakiyarmu.

Wata rana ƙanwata Hajo ta ture ƙwaryar. Ta rame har idanunta sun faɗa, amma ta kafe sai shu, wanda ta taɓa gani a kasuwar Magarya. Yayanmu Sani ya ce ai sunansa kabeji. Gardama ta kaure.

"Duka biyun baƙi ne," in ji Iya. "Shu daga bakin Faransawa ya fito, kabeji kuma ƴan Najeriya suka aro wurin nasu Turawan. Tafasa kuwa a nan aka raɗa mata suna. Ku matso, tatsuniya ta yi sallama."

Muka ce ta shigo.

Ta ce a wata yunwa ta zamanin da, mutanen wani gari suka ɗaure kaya za su watse. Wata mata mai suna Tabawa ta ƙi tashi, domin uwarta gurguwa ce, ba jakin ɗaukarta. Ta tsinko wani ganye da ko akuya ba ta ci, ta tauna, cikinta ya murɗa har ta kwanta. Da ta tashi ta dafa shi, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta zubar da ruwan, ta sake ɗorawa. Haka ta yi ta yi, har ganyen ya ciwu. Uwa da ƴa suka rayu.

Maƙwabtan da ba su kai ga tafiya ba suka leƙo. "Tabawa, me kike yi wa ganyen nan?"

"Tafasa."

"In ɗacin bai fita ba fa?"

"A sake tafasa."

Suka kwance kayansu, sunan kuma ya bi ganyen.

Iya ta dunƙula loma ta miƙa wa Hajo. "Jikalle, Tabawa ta sha wuya dominki. Kar ki ba ta kunya."

Hajo ta karɓa tana hawaye, ta haɗiye, ta miƙo hannu a ƙara mata. Da ganyen nan muka kai damina, ba wanda muka binne a gidanmu.

Da na girma na tambayi tsofaffi daga Bande har Dungas, ban sami wanda ya san Tabawa ba. Mahaifiyata ce ta faɗa mini cewa nan take Iya ta ƙirƙiro ta, don ta ga yarinyar na neman mutuwa a gabanta. Tun daga ranar, in wani abu ya ƙi mini, ba na saurin cewa ba zai yiwu ba. Nakan zubar da ruwan farko, in sake ɗorawa.