Kwalbar Da Na Kai Ɗakin Gwaji

Ko na manta komai na shekarun karatuna, ba zan manta ranar da na kai addu'ar Innarmu ɗakin gwaji ba.

Iyayenmu daga Nijar suka zo, Baba na dillancin shanu, muka zauna Ƙofar Atiku a Sakkwato. Inna kullum tsoronta kada a ce baƙin nan sun lalata unguwa. Shi ya sa da yayana ya faɗa shan maganin tari, sai da na yi wata biyu ina magiya kafin ta yarda a kai shi asibiti. Lokacin ina karatun haɗa magunguna, ina ji da farar rigata kamar ni na ƙirƙiro ilimi.

Ya dawo gida ya yi wata uku lafiya. Ran nan ina shara sai ga kwalbar maganin tari a ƙarƙashin katifarsa, cike da baƙin ruwa. Na ce a raina shi ke nan, ya koma. Baba ya riga ya rantse in ya koma sha, ƙauye zai mayar da shi, kuma can babu asibiti.

Ban tambayi kowa ba, ai masana ba sa tambaya. Na sa kwalbar a jaka, na kai wa malamarmu. Ta shinshina, ta ɗiga a takarda, ta dube ni tana danne dariya, ta ce ba sai an kunna na'ura ba, wanda bai san tawadar allo ba a Sakkwato ya aka yi ya girma?

Na tarar Inna ta birkice ɗaki tana neman kwalbar. Na faɗa mata gaskiya.

"Rubutu na, ɗiyata," in ji ta. "Hannunai ya saba da kwalbag ga. Kullum la'asar sai ya laluba ta. Ni ban iya hana hannu nema, abin ciki dai nic canza."

Ashe da rubutun yake haɗiye ƙwayoyin asibitin da nake ta alfahari da su. Kunya ta kama ni, sai kuma kuka.

Yau yayana na da 'ya'ya uku, kuma in ya gan ni sai ya miƙo kofin shayinsa ya ce a gwada. Ni dai na koyi cewa ciwonsa na karanta, Inna kuwa shi ta karanta. Tun ranar, kafin in gwada abu, sai na fara tambayar mutanen gida.