Ɗakin Baƙo na Inna Salamatu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita laca da safen nan aka kira ni daga Djougou: Inna Salamatu ta rasu.

Har yanzu jakata tana bakin ƙofa, na kasa ɗauka.

Ga waɗanda ba su sani ba, ita ce mai gidan da muke zaune a unguwar Albarika, mu ɗaliban da muka zo Parakou karatu daga wasu ƙasashe. Ranar da na sauka daga Maraɗi, na je neman ɗaki a kampus aka ce ya cika, sai wata shekara. Na tsaya a titi da akwati ina kuka kamar wata ƙaramar yarinya. Wani mai zem, wato ɗan acaɓa, ya dube ni ya ce, hau in kai ki wajen Inna.

Ba ta tambaye ni takarda ba. Cewa ta yi, "Kin ci abinci?" Ta ajiye mini sakwara da miyar gyaɗa, ta nuna mini ɗakin da ke kusa da zaure.

Ɗakin baƙo ke nan. Ba a ba da shi haya, ba a kulle shi, makullinsa a ƙusa yake rataye yana tsatsa. Duk ɗalibin da ya iso bai da masauki nan zai kwana har ya samu wuri, sannan ya share shi ya bar wa na baya.

Inna akwai faɗa. Ka bar tukunya ba wanki, sai duk unguwa ta ji sunanka da na ƙasarku. Amma ranar da wani maƙwabci ya zo yana cewa ta tara masa baƙi a layi, tsaye ta miƙe.

"Malam, fataucin goro ya kawo kakana Djougou. Da an rufe masa ƙofa, ai da ba ka san ni ba. Kai naka kakan daga ƙasa ya tsiro?"

Bai sake dawowa ba.

Ganina da ita na ƙarshe, za ta tafi Djougou jinya wajen 'yan'uwa. Tana cikin mota ta riƙo hannuna.

"'Yar Maraɗi, akwai yarinya Hauwa, za ta zo daga Tawa. Na ce wa uwarta ta kwantar da hankali. Ki shanya katifar nan, kin ji?"

Na ce to, Inna, sai kin dawo. Ta yi murmushi kawai.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ko wanka ba a yi mata ba wani Alhaji ɗan'uwanta ya bugo mini. Wai in cire makulli in kulle ɗakin, shago za a yi.

Alhaji, da girmanka, gida naku ne, ba mu da ta cewa a gado. Amma ni ba zan kulle ba. Hannun da ya ci sakwararta a ɗakin nan ba zai murɗa wannan makulli ba. In kana so, ka zo da kanka bayan an yi jana'iza.

Hauwa tana cikin mota yanzu haka, ba ta san komai ba. Na shanya katifar, na share ɗakin. In an rufe shi kafin ta iso, a gadona za ta kwana ni in sauka ƙasa. Ku kuma da kuka taɓa kwana a ɗakin nan kuka yi gidajenku a Titirou da sauran unguwanni, lokacinku ya yi, kowa ya buɗe ƙofa.

Ya Allah, yau Inna ce baƙuwa a wurinKa. Ka sauke ta masauki mafi kyau, Ka yalwata kabarinta, Ka yafe mata.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni zan tafi tasha tarbar Hauwa.