Muryar Anti, Fuskar Wata

A gidan rediyon kowa Anti Murya yake ce mata, har masu gadi. Baƙa ce wuluk, gajera, mai jiki. Amma in ta buɗe baki a shirin gaishe-gaishe na safe, teloli kan tsayar da keke, direbobi su ƙara sauti. A ɗan ɗakin watsa shirin mai bangon soso ta manyanta, daga ita sai makirfo.

Sai zamani ya zo da kyamara. Aka kafa ta a ɗakin domin masu kallo ta waya. Ranar da aka fara, mutane suka yi ta rubutu a ƙarƙashin hoton. Wani ya rubuta, "Ashe jin ki ya fi ganin ki." Ta yi dariya ta ce da injiniya, "Yo da ma na ce musu ni tauraruwa ce?" Amma da ta koma gida ko loma ɗaya ba ta iya kaiwa baki ba.

Ba a daɗe ba manaja ya kira ta, yana ta sosa ƙeya.

"Anti, kin san yanzu ido ke cin kasuwa. Ki huta haka nan, ki koma ɗakin talla."

"To, Yallaɓai," in ji ta.

Aka ba wata yarinya fara sol kujerarta, ita kuwa ta koma karanta tallace-tallace. Wanda ya fi tashe shi ne na wani man shafawa: fuskar yarinyar, muryar Anti, tana cewa mace sai da haske. Ta karanta don aiki ne, ga kuma marainiyar ƙanwarta da take riƙo, budurwa 'yar sakandare.

Wata safiya 'yar ta ƙi fitowa daga ɗaki. Da Anti ta janye mayafin da ta rufe fuska da shi, sai ta ga kumatu sun saɓule sun yi jajir.

"Innalillahi! Ke, me kika shafa?"

'Yar ta nuna kwalbar man da ake tallan tana kuka. "Mama, ai ke kika ce yana da kyau. Da wata ce ta faɗa, wallahi da ban saya ba."

Anti ta kama hannunta, sai asibiti.

Likita ya ce ciwon zai warke, tabon kuwa sai haƙuri. Anti ta je ta roƙi manaja a cire tallan. Ya ce masu man sun riga sun sayi muryar, ba shi da ta cewa. A ranar ta ajiye aiki.

Yanzu kayan miya take sayarwa a ƙofar gida. 'Yar ta koma makaranta, sai dai ta ƙaura zuwa bencin baya. Kullum da yamma Anti kan shafa mata maganin likita da hannunta, a hankali.