Kwamfutar da Kawu Haladu Ya Zaɓa

Ɗayyabu Maikasuwa mutumin Gwiwa ne, katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Cikin shanu ya tashi, amma tun ranar da ya riƙe kyamara sandar kiwo ta fita daga ransa. Biki ko suna, daga Roni har Babura, za ka gan shi durƙushe gaban jama'a yana ɗauka. In ya gama sai ya hau acaɓa zuwa Kazaure, ya bi layi a shagon wani Musaddiƙ don a haɗa masa bidiyon. Da shagon ya rufe, abin da ya rage shi ne ya mallaki kwamfutarsa ko ya ajiye sana'ar.

Saniya ɗaya gare shi, wadda ya gada wurin mahaifiyarsa. Ya kai ta kasuwar Babura ya sayar. A gidansu kuwa yaro ba ya kashe kuɗin dabba shi kaɗai, sai babba ya raka shi. Kawunsa Haladu, dillalin shanu, shi ya shige gaba zuwa Kano.

Ɗayyabu ya san abin da yake nema, don ya sha tambayar masu sana'ar. A wani shagon sayar da kwamfuta, mai shago ya fito da wata 'yar baƙa, ba kyan gani, amma tana jan bidiyo mai nauyi ba ta tsayawa. Kawu ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Saniyar ƙanwata ce za ta koma wannan faifan?" in ji shi. Ya nufi wata ƙatuwa mai faɗin fuska, ya shafa ta, ya bubbuga gefenta yadda yake yi wa bijimi. "Ga mai jiki nan."

Mai shago ya ce, "Baba, wannan tsohuwa ce, ta rubutun ofis."

Kawu ya juyo. "Ɗayyabu, ko ba ta yi ba?"

A nan nake jin haushin Ɗayyabu har yau. Da ya buɗe baki kawai, da ya tsira. Amma an raine shi a kan ba a musa wa babba gaban baƙo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta yi, Kawu."

Tun makon farko ta nuna halinta. In ya saka bidiyo sai ta sandare, ta yi zafi, ta kashe kanta. Haka ya yi ta lallaɓa ta har aka zo bikin Shahida, autar Kawu. Ya ɗauki bikin kaf, daga kamu har kai amarya Magarya, ya juye a kwamfutar, ya goge katin kyamara don wani aikin na jiransa. Daga nan ba ta sake tashi ba. Mai gyara a Kazaure ya buɗe ta ya ce ma'ajiyarta ta ƙone, ko hoto ɗaya ba za a ciro ba.

Shahida ta yi ta waya. Kawu ya yi ta tambaya, shi kuma yana cewa ana kan aiki. Ranar wata Juma'a, bayan an idar da salla, Kawu ya tsaya cikin mutane ya ce, "Ni na zaɓa masa kwamfuta da hannuna, amma bikin 'yata ya fi ƙarfin ya haɗa shi. Na gode." Maganar ta zaga gari, aka daina kiran Ɗayyabu biki.

Na same shi na ce ya faɗi gaskiya mana. Ya ce, "In na faɗa, ya zama Kawu ne ya jawo ke nan. Tsoho ne, ina zai kai wannan?"

Raina ya ɓaci, na tashi na bar shi, kuma tausayinsa bai bar ni ba.

Yanzu dakon buhunan gero yake yi a kasuwar Roni. Kullum da safe kafin ya fita sai ya je ƙofar Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu kuwa ya daina amsawa.