Malam Mu'awiya, Mai Gadin Teku Daga Kebbe

Kullum da hantsi Malam Mu'awiya zai goge faifan sola, ya kunna kwamfuta a zaurensa, shi kaɗai. Tun rasuwar matarsa Nasiha babu mai ce masa ga koko. Tsohon malamin labarin ƙasa ne. Shekara tara wata cibiyar bincike ta ƙetare ta yi tana turo masa hotunan wani mashigin teku da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, yana bin su ɗaya ɗaya, yana yi wa igiyoyin ruwa masu tashi a ƙarƙashin teku alama. Ba sa fitowa fili, sai dai su bar zane a sama kamar kunyoyin gona.

'Yan majalisar ƙofar masallaci sun laƙaba masa Sarkin Ruwan Tudu. Ban cika ganin laifinsu ba, mutumin da ko Legas bai taɓa takawa ba. Ya gaji da bayani, su ma suka gaji da tambaya.

Bara waccan ya ci karo da wasu hotuna da kwanan watansu bai kwanta masa ba. Ya san teku da wata yake cikowa, sai ya lissafa da yatsu a watan Musulunci. Maƙwabcinsa Maccido ya jiyo shi yana magana da bango: "Bakwai ga wata ruwa ba shi wanga hauka. Wanga aikin sha fuɗu na." In aka bar kuskuren, wahalar shekaru ta tashi a banza. Ya rubuta wa cibiyar. Wata biyar shiru, kullum yana takawa bakin kasuwa neman sabis. Daga ƙarshe amsa ta zo, layi biyu: gaskiyarsa ce, na'urarsu ta zame da mako guda.

Malam, kai ne ka gyara wa masana lissafi da watan da ke fitowa bisa rumbunka, mu muna nan muna dariya. Wallahi mun ji kunya.

Bana ya ajiye aikin, ido ya gaji. Sun aiko masa da mujallar da binciken ya fito, tana hannunsa wata biyu. Na same shi ya kai takardar har bakin hanci.

"An ce sunana na ciki," ya ce. "Gwada min wurin in aza yatsa."

Yana can ƙarshe, cikin ƙananan haruffa. Na kama yatsansa na ɗora.

Allah ya saka maka, Malam. Matasanmu, ku riƙe aiki irin riƙonsa. Mu kuwa, kada mu sake barin dattijo ya yi wata biyu yana jiran mai nuna masa sunansa.