Kwarin Bayan Maƙabarta

Shekarar da buhun taki ya gagare mu, ita ce shekarar da yayana ya shiga talabijin. A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina suyar ƙuli-ƙuli tare da Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, shanun nomanmu biyu kuma an sace su tun kafin ruwa ya sauka, da fartanya muke fama. Ba mu kaɗai ba ne. A ƙauyenmu, can tsakanin Dawakin Tofa da Ɗambatta, gida-gida ake bi, kuma kowa ya san inda ake ɓoye shanun kafin a loda su a mota: wani kwari ne a bayan maƙabarta, inda gonaki suka ƙare. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Samarin da ke wannan aiki ba baƙi ba ne, sahu ɗaya ake tsayawa da iyayensu a masallaci.

Yayana tela ne a Kano, mutum mai surutu kamar an kunna rediyo. Wani mai shirya wasan kwaikwayo da ke kai masa ɗinki ya ce ya zo ya gwada. Aka sa ya fito a manomin da 'yan sanda suka roƙa ya shiga cikin ɓarayin shanu, ya ci da su, ya sha da su, yana kawo rahoto a ɓoye. Infoma ke nan. Duk Alhamis bayan la'asar mukan cika ɗakin wata Hajiya maƙwabciyarmu, mai talabijin da ke aiki da batirin mota. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har gyara zama nake yi in ya fito.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ba a rubuta wa 'yan wasan magana. Cewa ake yi, ga ɗan sanda zai tambaye ka inda shanu suke, ka ba shi amsa, sauran kuma daga kanka. Shi kuwa yayana wane daji ya sani a duniya in ba namu ba? Ranar nan muna zaune, ya duƙa gaban ɗan sandan wasa, ya rage murya ya ce, “Ranka ya daɗe, ka bi ta bayan maƙabarta, ka bar tsamiya biyu a hannun dama. Za ka ga kwari, ƙaya ta rufe bakinsa.”

Hajiya ta daina tauna goro. Wata mata da ɗanta ke cikin samarin ta miƙe ta fita, ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba.

Yayana bai ambaci sunan gari ba. Amma kwana tara bayan haka, da hantsi, motocin 'yan sanda biyu suka bi ta bayan maƙabarta, suka fito da shanu da samari huɗu. Ko wasan suka kalla, ko wani ne can ya kai magana, har yau ban sani ba. Mutanen gari dai sun riga sun yanke hukunci.

Sai ga sakaran nan ya sauka a mota a makon, ya zo taya mu noma, da ledar burodi a hannu, yana jiran a yaba masa. Na ja shi bayan rumbu na faɗa masa. Da farko dariya ya yi, ya ce ai wasa ne. Na ce, “Yaya, wasa a gidan wa? Tsamiya biyun ma wasa ne?” Nan dariyar ta tsaya. Wallahi da ba gaba yake da ni ba, da na mare shi.

Washegari bayan azahar aka yi sallama a zaure. Mutum uku ne: wani Alhaji dillalin shanu a kasuwar Ɗambatta, wanda ɗan ƙanensa ke cikin waɗanda aka kama, da wani ƙato, sai liman, wanda daga gani jawo shi aka yi. Na laɓe a bayan ƙofa. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gona, aka tambayi birni. Sannan Alhajin ya ɗauko Alƙur'ani naɗe cikin farin ƙyalle ya ajiye a tabarma.

Ya ce, “Ba rigima ta kawo mu ba. Ka yi alwala, ka dafa, ka ce ba ka san akwai shanu a kwarin nan ba, bakinka ne kawai ya faɗa. Shi ke nan, mu tashi.”

Yayana ya yi alwala ya dawo, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Ya sani mana. Kowa ya sani. In ya dafa ya yi rantsuwar ƙarya, in ya janye ya amsa laifi. Na ga ƙaton nan ya gyara zama ya matso bakin ƙofar fita.

Sai na ji an ture ni gefe. Inna ce.

Yayana ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce “wancan”. Ba ta zama inda ake maganarsa, ko wasan ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ita ce ta shiga zauren maza, hannunta duk man gyaɗa, ta tsaya tsakaninsa da tabarmar.

Ta ce, “Alhaji, in wannan ce rantsuwar, Malam ya fara dafawa, kai ka bi, ni ma in yi alwala in zo. Wa bai sani ba a garin nan? Shanuna kwana huɗu suka yi a kwarin, ina gona ina jin kukansu, na yi shiru.” Sannan ta nuna yayana ta ce, “Ɗana ne. Wawa ne, bakinsa ya fi hankalinsa gudu. Amma bai kai ɗan kowa ƙara ba. A kan wannan zai dafa.”

Liman ya yi wuf ya ce, “To, a kan wannan za a yi.” Yayana ya dafa ya rantse bai taɓa zuwa wurin hukuma ba, bai aika kowa ba.

Alhajin ya naɗe ƙyallensa a hankali. Ya ce, “Mun ji, Inna. Sai dai yaran nan suna da 'yan'uwa, ni kuwa ba zan iya riƙe kowa ba. Motar Kano ta ƙarshe kafin magariba take tashi.”

Ni na haɗa masa kayansa, ina kuka ina zaginsa. Da ya zo sallama, Inna na tsakar gida tana daka, ta ba shi baya. Ya durƙusa ya ce, “Inna, zan tafi.” Ta ce, “Allah ya kiyaye,” ba ta juyo ba. Bai sake kwana a garinmu ba har ta rasu.

Na raka shi bakin titi na dawo, na tarar har lokacin tana ɗaga taɓarya tana saukewa. Ta ce, “Wancan ya samu mota?” Na ce ya samu. Na matsa zan karɓe ta, na leƙa turmin. Ba komai a ciki.